Tambayi Anti: Zoɓona ya tafasa, to ta ina cutar ta shiga?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan makon. Tunda zafi ya kankama saƙonnin da ke shigowa kusan hanya ɗaya suka bi, zoɓo, kunu, jinja, ƙanƙara, ciwon ciki. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran ku yi min haƙuri. Sunaye na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Salam Anti ya aiki ya iyali, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ina sana'ar zoɓo ne a gida, kullum ina dafa kamar cikin jarka ɗaya kuma wallahi sai ya tafasa sosai nake saukewa. Matsalar ita ce wuta, sai mu kwana biyu ba mu ga ƙyallinta ba, toh in na tace na zuba suga sai in aika a siyo min ƙanƙarar bulo a bakin titi in fasa in zuba a ciki ya yi sanyi da wuri, in ɗura a gora yara su fita da shi. Satin da ya wuce mutum biyu a layinmu suka ce zoɓona ya ɓata musu ciki, ɗaya ma ta ce yaronta kwana ya yi yana zaryar bayi. Uwar mijina ta ce sharri ne kawai da hassada tunda abin da ya dahu a wuta ba ya ɗauke da cuta. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.
Mai zoɓo, Rigasa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar Hajiya akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar a bakin murhu ta tsaya. Lokacin da zoɓon ke tafarfasa babu kwalara babu taifot a cikinsa, wuta ta gama da su. Ki zauna ki lissafa, daga sauke tukunya zuwa rufe gora me da me ya taɓa shi? Rariya, bokiti, ludayi, hannunki, mazurari, ita kanta gorar, sai uwa uba ƙanƙarar nan. A cikinsu babu wanda ya shiga wuta.

Ƙanƙarar bulo yawancinta ba don a sha ake yi ba, don a jera a kula ne ta sanyaya lemo da fiya wata daga waje. Mai yinta ruwan da ya samu yake ɗurawa a leda, na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa ne ke ba ki gani ba, shi ma yaron da ya miƙo miki bai gani ba. Wata rana ki je da kanki ki tsaya ki kalli yadda take isowa, a bayan Keke Napep ko a baro an lulluɓe ta da buhu, a dire a ƙasa gefen kwata, a sara da wuƙar da ke yawo a aljihu tun safe, hannun da ya ƙirga canji shi ne zai ɗauko ya saka miki a leda. Kuma mutane da yawa sun ɗauka sanyi na kashe ƙwayar cuta yadda zafi ke yi, ina, kwantar da ita kawai yake, ƙwayar taifot tana yin makonni a cikin ƙanƙara da ranta, in ta narke shikenan ta dawo. Ko zoɓonki ne ya ɓata musu ciki ko wani abu daban suka ci, wannan ƙofar a buɗe take, rufe ta za ki yi.

Ƙanƙara ki ci gaba da siya, amma a waje za ta zauna. Ki samu babban baho ki ɗora tukunyar a ciki da murfinta, ki zuba ruwa a bahon ya tsaya ƙasa da bakin tukunya da kamar faɗin tafin hannu. Da farko kar ki ɓata ƙanƙararki, ruwan rijiya zalla za ki sa, ya ɗau ɗumi ki juye a bokitin wanki ki sake wani, kina ɗan juya zoɓon da ludayin da kika dafa da shi saboda tsakiyar tukunya ce ke riƙe zafi. Sai kin taɓa jikin tukunyar kin ji ɗumi kawai ya rage sannan ki fasa ƙanƙara a ruwan bahon. Lissafin ma yana bayanki: lita 20 in daga tafasa kika ce ƙanƙara kaɗai za ta kai shi sanyin sha sai ta ci wajen kilo 17, amma in ruwan rijiya ya fara sauko miki da shi zuwa digiri 40, kilo 6 ya kusa isarki. Kinga tsafta ta samu, riba ma ta ƙaru.

Wata dabarar kuma, ki dafa zoɓon da kauri, rabin ruwan da kika saba, sauran rabin ki tafasa shi daban tun da daddare ki rufe ya kwana ya huce, da safe ki haɗa. Nan take zafin zai karye kuma duk abin da ya shiga ciki dafaffe ne.

Kar kuma tsoron ƙanƙara ya sa ki ce bari in bar shi ya huce da kansa, nan ma wani ramin ne. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu in sun samu yadda suke so duk minti 20 sai sun ninka, guda ɗaya cikin awa 6 ta haura dubu 260. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai a zafin ɗaki, mu kuma a Kaduna watan Maris da Afirilu zafin waje ma haura digiri 35 yake yi. Ƙatuwar tukunya in aka bar ta sai ta yi sa'o'i tana ɗumi ɗumi. In ba ki da baho babba ki raba shi a ƙananan tukwane. Abin da ke ɗan kare zoɓo tsaminsa ne, to ke kuma in kin sa kanwa don ki kashe tsamin, kin zuba suga da abarba da kokwamba, garkuwar kika rage masa, irin wannan ba ya son jinkiri ko kaɗan.

Ita kuma Hajiya ba sai kin ja musu da ita ba, ki canza aikinki kawai.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Matata ke yin zoɓo da jinja na biki da suna, wani lokacin durom guda, kuma sanyayawar ke ba ta wahala. Na gani a YouTube Turawa masu haɗa giya a gida suna da wani bututun jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo, su tsoma a tukunya su jona tiyo, cikin ɗan lokaci abu ya huce. Mu ba giya za mu yi ba, dabarar kawai nake so. Ina da tsohon bututun AC, nace ko in kai Panteka a lanƙwasa min? Kuma ruwan da zai bi ta ciki dole sai mai tsafta?
Wani maigida, Barnawa

AMSA: Sannu Malam, Allah ya bar ƙauna, ba kowane maigida ke damuwa da tukunyar madam ba. Dabarar tana aiki amma ba da wannan bututun ba, kuma ba a zoɓo ba.

Bari in fara da abin da ka gani. Su ruwan tsiron sha'ir suke dafawa kamar awa 1, ruwa ne mai zaƙi, sai su yi sauri su sauko da shi wajen digiri 20 kafin su zuba yis, don in da zafi yis ɗin mutuwa zai yi, in kuma suka yi sanya wasu ƙwayoyin na iska da na hannu su riga yis ɗin shiga su tsamar da komai a yi asara. Ka lura da kyau a bidiyon, bututun tun ana saura minti 10 zuwa 15 a sauke suke tsoma shi a tukunya yana tafasa tare da ruwan, wutar ce ke wanke shi. Ruwan sanyin kuma ta cikin bututun yake bi ya fice ta ɗaya bakin, ba ya haɗuwa da abin da ke tukunya, saboda haka ba dole ya zama na sha ba. Babban tsoronsu mahaɗar tiyo da bututu, in tana ɗiga a cikin tukunya to ɗanyen ruwa ya shiga, shi ya sa suke lanƙwasa bakunan biyu su leƙo waje su kalli ƙasa, kuma su kunna ruwan su gwada kafin ranar aiki.

Inda aka rabu shi ne tsami. A ma'aunin tsami na pH, wanda ƙaramar lamba ke nufin tsami ya fi yawa, nasu ruwan wajen 5 da ɗoriya yake, zoɓo kuwa wajen 3 ne ko ƙasa. Abu mai tsami da zafi cin jan ƙarfe yake ya narkar da shi a ciki, wanda ya sha kuma tashin zuciya, amai, murɗar ciki. Dokar abinci ta Amurka ma ta hana jan ƙarfe taɓa abin sha mai tsami irin ruwan 'ya'yan itace, masu giya kaɗai ta ɗaga wa ƙafa a wannan matakin saboda shi yis ɗin yana cinye ɗan abin da ya narke. A zoɓon madam babu mai cinyewa sai 'yan biki. Jinja ma in da lemon tsami ko tsamiya a ciki hukuncinsu ɗaya.

Balle tsohon bututun AC, wanda ya sha mai da gas shekara da shekaru, wani wurin an yi masa liƙi, kuma wani liƙin akwai dalma a ciki, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ka sayar da shi a gwangwan ka ƙara kuɗi. In lallai kana son na'urar, sabon bututun sitenles za ka nema, na Panteka ba abin da ba za su lanƙwasa maka ba, ka ce musu guda ɗaya miƙaƙƙe ba mahaɗa a ɓangaren da zai nutse. Ruwan ɗumin da ke fitowa ku tara a yi wanke-wanke. Sannan kar a bar bakin tiyon famfo kwance a cikin baho ko kwata, in ruwa ya ɗauke bagatatan yana iya zuƙo abin da ke wurin ya koma da shi cikin fayif ɗin gida.

Tunda ana maganar ƙarfe, masu barin zoɓo ya kwana a tukunyar nan ta narkakken gwangwan su daina, a dafa a juye a wani mazubin.

TAMBAYA: Anti ni jinja da tsamiya nake yi. Da zafinsa nake ɗurawa a jarka in murɗe murfi tamau in jefa a durom ɗin ruwa ta nutse gaba ɗaya, wani lokacin ma in ɗaura igiya in zura a rijiya don ta fi sanyi. Tunda a rufe take ai ko ruwan durom ɗin ba mai kyau ba ne babu komai ko?
Uwargida, Tudun Wada

AMSA: 'Yar'uwa kin taɓa lura da jarkar bayan ta huce, yadda gefenta ke lotsawa ciki kamar an matse ta? Wannan lotsawar ita ce amsarki. Abu mai zafi da iskar da ke samansa in suka huce tsukewa suke yi, sai jarkar ta fara zuƙa, kuma ta inda ta samu kafa take zuƙowa, wato ta zaren murfi. In murfin a iska yake iska za ta ja, in a cikin ruwan durom yake ruwan durom za ta ja, kaɗan ne ba za ki gani da ido ba amma ya shiga. Murfin tsohuwar jarkar mai kuwa da wuya ki samu wanda robar cikinsa ba ta cinye ba.

Kar ki ce ƙaramin abu ne. A 1964 a garin Abadin na Sikotland taifot ya kwantar da mutum sama da 400, da aka bi sawu sai aka tarar daga naman gwangwani ne da aka yo a Ajantina. Naman ya dahu lafiya lau a cikin gwangwaninsa, amma da ɗanyen ruwan kogi aka sanyaya gwangwanayen, ruwan ya samu 'yar kafa ya shiga. Kamfanonin gwangwani saboda irin wannan ne suke zuba kulorin a ruwan da suke sanyayawa da shi duk da cewa a waje yake.

Toh ki tsayar da jarkar a tsaye, ruwa ya tsaya a kafaɗarta, wuya da murfi a sama a bushe. In kin ciro ki goge jikinta da tsumma mai tsafta kafin ki buɗe, ki wanke hannu tunda hannun ya shiga durom. Zancen rijiya kuma ki bari don Allah, gindin jarkar da ya zauna a tsakar gida inda kaji ke yawo shi kike zurawa a ruwan da duk gidan ke sha. Kuma ki tabbata jarkar ta man girki ce tun asali, wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba wankin da ke mayar da ita ta abinci.

TAMBAYA: 'Yata ina karanta filinki jikata ke nuna min a waya. Kuna ta cewa awa biyu awa biyu, mu tun muna yara kunun zaƙi ake damawa da yamma a rufe ya kwana sai da safe a tace, ba firij ba ƙanƙara, ga mu nan har yau. Ko iyayenmu ba su san abin da suke yi ba ne?
Wata dattijuwa, Kawo

AMSA: Inna ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sun sani sarai, kuma ba kunun zaƙi ake nufi da awa biyun ba. Ke kin fi ni sanin yadda ake yi, a raba ƙullu biyu, a sheƙa wa kaso ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, a jira ya sha iska sannan a zuba ɗanyen da aka markaɗa da dankali ko tsiro. Jiran nan ba a banza ba ne, in aka zuba da zafi sosai an kashe abin da ke tsinka kunun ya fito da zaƙinsa. A cikin daren kuma wasu ƙwayoyi masu amfani, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su ke cika kunun su ba shi ɗan tsamin nan, tsamin kuma ya takura wa masu cutarwa. Kwanan nasa aiki ne ake yi.

Inda ake samun matsala yanzu da safe ne. An zo tata, kunu ya yi kauri, sai a kamfato ruwa a bokiti da moɗar da kowa ke sha a tsinka, a zuba suga, a jefa ƙanƙara, a ɗura a gora a bar shi a rana har la'asar. Ruwan tatar nan shi ya kamata ya zama dafaffe. Kuma Inna a da rijiya tana can masai yana can, yau a Rigasa ko Tudun Wada fili ɗaya an yanka shi gida huɗu, rijiyar wannan tana jingine da sokawen wancan, alhali mita 30 ake so a bari tsakani. Damina na sauka ruwan ya haɗe ta ƙasa. A 2021 kaɗai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zargin kwalara ta kama a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Arewa ce ta fi jin jiki.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma kunun aya ne, shi bai ga wuta ba, ba shi da tsami, ga dabino ga kwakwa, komai na jin daɗin ƙwayar cuta ya haɗu. Mai yinsa ta tafi wurin markaɗe da ruwanta a jarka, kar ta yarda da na bokitin mai inji, ta sa a ɗauraye injin a gabanta tunda ba ta san me aka markaɗa kafin nata ba, ta tace ta sa a sanyi nan take kuma na yau ya ƙare yau. Gorar da ta kumbura, ko aka buɗe ta fesar da iska, ko kunun ya fara yauƙi, a zubar, kar a ce bari a ƙara suga a ba yara.

Shi kuma kunun gyaɗa da ake zubawa a kula tun safe, ko dai ya zauna da zafinsa na ƙona baki ko a shanye. Akwai wata ƙwaya da ke zuwa a jikin hatsi da shinkafa wadda tafasa ba ta gamawa da ita, in kunu ya koma ɗumi ɗumi ya daɗe sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma dafin ko an sake ɗumamawa yana nan.

TAMBAYA: Anti in na sa alimun ruwa ya kwanta ya yi garau ai ya isa in haɗa zoɓo da shi ko?
Daga Unguwar Mu'azu

AMSA: Bai isa ba ƙanwata. Alimun laka yake kwantarwa, ido ne ya gamsu. Bayan ya kwanta ki tsiyaye na saman ki tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa sosai, ko ki sa maganin tsaftace ruwa irin WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki ki rufe ki jira minti 30. Jiran ne mutane ba sa yi.

TAMBAYA: Ni fiya wata nake daskararwa in jefa da ledarsa a cikin bokitin zoɓo, tunda ruwan ba ya fita ai lafiya?
Daga Malali

AMSA: Na cikin ledar in mai lambar NAFDAC ne to, amma bayan ledar fa? Ta hau mota, ta zauna a ƙasan shago, ta bi hannu nawa. Zoɓon wanka kawai yake yi mata. In dai a ciki kike so, ki wanke ledojin da sabulu ki ɗauraye da ruwa mai kyau tun kafin su shiga firiza, a cikin roba mai murfi daban ba kusa da nama ko kifi ba, sannan ki yanka da almakashi mai tsafta ki juye ƙanƙarar kawai.

TAMBAYA: Gorunan da muke siya wurin masu tsinta, in na ɗura zoɓon da zafinsa ai zafin zai kashe komai ko?
Daga Mando

AMSA: Gorar ruwa da ta lemo ba sa ɗaukar zafi, tun wajen digiri 70 suke fara laushi su shanye su karkace, murfin ma ya daina kamawa. Wanki ne mafita kuma wankin gaske, ba a zuba ruwa a girgiza sau ɗaya ba. Ki ware duk wadda ke wari ko aka taɓa zuba wani abu da ba na sha ba ki jefar, sauran ki jiƙa a ruwan omo, ki sa ɗan burushi ki bi ciki da zaren baki, murafen ma daban tunda a nan baƙin datti ke maƙalewa, ki ɗauraye, ki sake jiƙa su minti 30 a ruwan da kika sa wa kulorin, sannan ki kife a kwando su tsane ba a kan siminti ba. In cinikin ya fara kauri ki koma siyan sababbin gora a kasuwa ki ɗora kuɗin a kan farashi, masu oda na biki da ofis sun fi son su ma.